Ƙoramar da Muka Share wa Baƙuwa

Da, in ka bar Gashua ka nufi wajen Katuzu, kafin ka kai ƙauyen aminina sai ka ji iska ta sauya. Hanya ta gangara, yashi ya ƙare, ka shiga duhun itatuwa inda ko da azahar ba ka ganin inuwarka. Giyayya da kanya da tsamiya ne suka haɗa kai a sama. A ƙarƙashinsu akwai ƙorama, wadda ta ɓalle daga babban kogi ta zagaya bayan gari. Ruwanta launin shayin da ba a sa wa madara ba, sanyinsa har cikin haƙori. Yanzu in ka bi ta wurin, mai babur ko rage gudu ba ya yi. Sama kacalla ce, doguwar ciyawar nan mai kai irin na gero, ta cushe kamar an shuka. Ƙasa kuma gonakin tattasai ne da ƙugin injin ban ruwa. Samarin da ke noma a cikin kwarin ba su san suna tsaye ne a inda mutum ke nutsewa har wuya ba.

Ni haifaffen Nguru ne. Iyayena daga Haɗeja suka zo, suka biyo jirgin ƙasa da cinikin fata. Zama bai taɓa karɓata ba. Na yi fataucin bandar kifi zuwa Kudu, na zauna Baga, na haura Chadi, na bi ta ƙasa har Sudan a kan hanyar Makka, na yi shekara biyu a gonakin auduga kafin in ƙetare. A wannan yawon na tsinci Barbarci da Larabci iri biyu da Turancin kasuwa da ɗan Faransancin tasha. Abin da yawo ke yi wa mutum shi ne ya hana shi kallon abu shi kaɗai. Duk abin da na gani sai na ajiye shi kusa da wani da na taɓa gani a wani gari, in auna. Wannan hali ya amfane ni a kasuwa. A bakin ƙoramar nan kuwa shi ya kayar da ni.

Badanci, harshen mutanen Bade, a bakin aminina na koye shi. Shi ne sarkin ruwan ƙauyen, kuma a hannunsa na fara sayen kifi tun muna da baƙin gashi. Bai taɓa wuce Nguru ba, kuma bai ga abin da ya rasa ba. In na sauka gidansa sai ya ce, "Sarkin yawo, yau kuma wace ƙasa ka kawo mana a baki?" In na fara ba shi labarin kogin Chadi ko na Sudan, sai ya bar ni in gama, sannan ya ce, "Ka sha ruwan ƙasa bakwai. Ɗanɗanon wanne ka riƙe?"

Wajen ƙarshen shekarun casa'in kacalla ta iso gare su. Mu a Nguru mun riga mun san ta, ta cinye mana fadamu muna kallo. A wurinsu bakin ƙorama ta fara kamawa, daidai inda ta rabu da kogi, wurin da babu itatuwa. Laka ta taru a gindinta. Ruwan da ke shigowa da ƙarfi tsakiyar damina ya koma shigowa a makare, ya janye da wuri. Shinkafar fadama ta fara ƙonewa kafin ta nuna, kifi ya ragu. Duk da haka cikin kurmin yana nan yadda yake, domin kacalla ba ta shiga inuwa.

Ana cikin haka aka ji wani ofishi mai kula da fadamu ya samo aron injin haƙa na rani ɗaya. Zai buɗe bakin wasu ƙoramu, amma ba duka ba. Za a fara turo mai dubawa ta ga waɗanda ke da sauran lafiya, su za a yi wa aiki. Malamar 'yar Kudu ce, ba ta jin Hausa sosai, balle Badanci, saboda haka aka nemi tafinta, aka same ni a Nguru. Aka ce nan da kwana goma za ta zo.

Da na zauna a gidana na jira kwana goman nan, da wannan labari bai samu ba. Amma ban iya ba. Washegari na hau a-kori-kura zuwa Gashua, na kama babur zuwa ƙauyen, ina jin kaina kamar mai ɗauke da wuta a tafin hannu.

Bulama, wato mai garin, ya tara dattawa a ƙofar gidansa. Da na gama bayani sai ya ce, "Alhaji, kai ka ga duniya. Irin waɗannan mutane, me suke son gani?"

Na ce a ba ni zuwa la'asar. Na bi ƙoramar da ƙafa daga sama har ƙasa, amma da idon Sudan na bi ta. A can na ga magudanan ruwa miƙe kamar an ja igiya, ko ganye ɗaya babu, akwai mutanen da aikinsu ke nan, cire ciyawa. Na dubi tamu. Kututture ya faɗi nan ya ruɓe, wani ya gitta can, rassa sun sunkuyo suna jan ruwa, ƙasan kuwa baƙin ganye ne ya yi kauri. Kunya ta kama ni, irin wadda ke kama mutum in baƙo ya yi sallama tsakar gida ba shara.

Akwai kuma wani abu da duk wanda ke zaune a wurin ya sani. Mu mun tashi a zamanin duba-gari. In an ce gobe zai shigo, uwayenmu tun asuba suke shara, su wanke randa, su kife tukwane. Yana zuwa randa yake fara leƙawa. In ya ga abu ɗaya yana motsi a cikin ruwan, an shiga uku. A kanmu abin ya zauna: mai duba ruwa, ƙwaro yake nema, kuma in ya samu kun faɗi.

Na koma na ce, "Ranka ya daɗe, duba-gari ce za ta zo, sai dai ta ruwa. A share."

Dattawa suka gyaɗa kai, don abin da suke tsammanin ji ke nan. Aminina ne kaɗai ya ɗago.

Ya ce, "A share me?"

"Kututturan nan da ruɓaɓɓen ganye. A rage rassa, haske ya shiga, ta ga ruwa yana tafiya."

"To in kun kwashe kututturan, ƙurungu a ina zai kwana? A ɗakinka na Nguru?"

Aka yi dariya. Na ce, "Haba Sarkin Ruwa, na kwana nawa ne? In ta tafi ka mayar da kayanka."

Ya ce, "Itacen da ya shekara ashirin a ruwa, ka fitar da shi rana, ka mayar? Ai gawa ka mayar."

Bulama ya ce, "Sarki, kai ka san kifi, Alhaji ya san mutanen ofis. Yau da mutanen ofis za mu yi."

Aka kira gayya. Kwana uku aka yi, da ganga da komai. An kawo shanun huɗa aka ɗaura wa kututtura igiya suka jawo su tudu, baƙaƙe wuluk, suna ɗigar laka, ƙananan abubuwa suna zubowa daga jikinsu suna neman ruwa. Masu manjagara suka kwashe ganyen ƙasa suka tara tsibi-tsibi. Mata suka dafa shinkafa, suna murnar itacen girki da zai kai su damina. Ni na ce a rage rassa, amma gatari in an ba shi izini ba ya tsayawa inda aka ce. Mai neman azara ya ga giyayya miƙaƙƙiya ya sare ta daga gindi, na kusa da shi ya ga an yi bai ga dalilin da zai bari ba. Ina sama ina ƙasa, babbar rigata a kafaɗa, ina nuna nan ina nuna can. A rana ta uku hasken rana ya sauka a kan ruwan daga wannan gaɓa zuwa waccan, karo na farko a sanin kowa. Na tsaya na duba, na ce a raina, yanzu ta yi kama da ruwan mutane.

Kututture ɗaya ne ya tsira, wata tsohuwar kanya da ta faɗa cikin gurbi mai zurfi can ƙasa. Aminina ya hau goransa, babbar ƙwaryar nan da masuntan Bade ke kifa ciki a kai su bi ruwa, ya je ya ɗare kan kanyar ya zauna. Ya ce mai son jawo ta ya haɗa da shi. Samari suka tsaya da igiya a hannu suna dubana. Bulama ya ce, "Ku bar wa tsoho kujerarsa." Itatuwan da ke kewaye da gurbin ma aka bar su, don ba mai son sara a kan dattijo.

Malamar ta iso da hantsi, mace mai matsakaicin shekaru, marar yawan magana. An yi shimfiɗa, an dama fura, amma ta roƙi a fara zuwa ruwa kafin rana ta yi zafi. Ta sa wani takalmin roba mai kaiwa ƙirji, ta ɗauki 'yar koma mai ido kamar na rariya, da farin tire, da allon rubutu. Gari duka ya biyo mu.

Da muka kai gaɓa sai ta tsaya. Ta dubi tsibin ganye, ta dubi sababbin gindayen itatuwa farare, ta ɗaga kai ta dubi sama. Na ɗauka mamakin tsabta take yi.

Ta shiga ruwa, ta kafa komar, ta tattaka ƙasa da ƙafa, ta ɗago ta juye a tire. Ta daɗe tana dubawa. Laka ce da 'yan jajayen tsutsotsi biyu ko uku. Bulama ya matso ya ce, "Alhaji, yaya?"

Na ce, "Ba ta sami komai ba."

Ya ce, "Alhamdulillahi." Maganar ta bi cikin jama'a, aka yi ta murmushi.

Ta matsa gaba ta sake. Ta tsoma wani ƙarfe mai auna zafi, ta duba, ta rubuta. Ta sake ɗaga kai sama, ta rubuta. Wuri huɗu ta yi haka, kuma duk lokacin da tiren ya fito wayam sai jama'a su ƙara sakin jiki. A na huɗu wata tsohuwa har guɗa ta yi. Malamar ta juyo ta tambaye ni murnar me ake yi. Na ce mata murnar zuwanta ce. Amma na ga fuskoki da yawa a duniya, kuma tata ba ta mai jin daɗi ba ce.

Muka iso gurbin. Aminina yana kan kanyarsa tun safe. Bai jira an ce masa komai ba. Ya dube ta, ya dubi tiren, ya zura hannu ƙarƙashin kututturen har kafaɗa, ya ɓamɓaro ruɓaɓɓen ɓawo da dunƙulen ganye, ya zuba mata.

Tiren ya ɗauki motsi. Wasu 'yan ƙwari masu jela uku suna gudu gefe-gefe. Wasu sun gina wa kansu gida da ƙwayar yashi da guntun kara, suna ja da shi kamar katantanwa. Ga ƙananan jatan lande da ake ganin cikinsu, ga kumba, ga ɗan ƙurungu bai kai yatsa ba.

Bulama ya kama hannuna ya ce a hankali, "Tsohon nan ya tona mana asiri."

Ita kuwa durƙusawa ta yi a cikin ruwa. Ta fito da ɗan cokali tana ware su ɗaya-ɗaya tana ƙirgawa, fuskarta ta sake kamar ta ga 'yan uwanta. Ta nuna masa mai gidan yashi, ya gyaɗa kai, ya nuna mata inuwa, ya shafa ruwa da bayan hannu, ya yi alamar sanyi. Ta miƙa masa ma'aunin zafi, ya ture shi, ya kamfaci ruwa ya shinshina, ya kurɓa ya furzar. Ta yi dariya. Sun fi rabin sa'a a haka. Harsuna shida ne a bakina, ba wanda ya nemi ko ɗaya.

Da ta fito sai ta ce in gaya wa jama'a abin da za ta faɗa. Ta ce waɗannan ƙananan halittu su take nema. Ba sa zama sai a ruwa mai sanyi, mai tafiya, mai inuwa da ruɓaɓɓen itace. In suna nan da yawa, iri-iri, ruwan yana da lafiya, kifi yana da abinci. In babu su sai jar tsutsa, ruwan yana mutuwa. Na juya maganar zuwa Badanci, jimla bayan jimla, ina jin kowace tana fita daga bakina kamar ina tauna tsakuwa. Tsohuwar da ta yi guɗa ta ja mayafi ta rufe baki.

Sannan ta ce in tambayi mai gari yaushe aka yi wannan aiki, kuma wa ya ce a yi.

Na tambaya. Bulama ya juyo ya dube ni. Tafinta yana da ƙofofi da yawa da zai iya fita ta cikinsu, kuma na san su duka, na yi amfani da su a kasuwanni. Ina iya cewa al'adar gari ce duk shekara. Ba wanda zai gane a ɓangare biyun. Amma aminina yana zaune a kan kanya yana kallon bakina, kuma ko bai ji Turanci ba ya san tsawon gaskiya.

Na ce mata, "Shekaranjiya aka gama. Ni na ce a yi."

Ta ce, "Baba, don me?"

Na ba ta labarin duba-gari da randa. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta ce za ta rubuta abin da ta gani a wuri biyar ɗin, ta ƙara a ƙasa cewa an share ƙoramar kwana biyu kafin zuwanta, kuma gurbin da ba a taɓa ba yana cikin mafi kyau da ta gani. Amma ta ce kada in ruɗi kaina, takardar gidaje-gidaje ce da ake cikewa, masu karantawa gidajen suke dubawa, ba bayanin ƙasa ba.

Na ce, "Malama, 'yata, tunda kin ga yadda take kafin mu taɓa, ki rubuta duka kamar gurbin mana."

Ta ce, "Akwai wasu garuruwa da ke jira, Baba. Su ma ruwansu ne. Kuma inuwar da aka sare ba ta dawowa da alƙalamina."

Wannan ban fassara wa kowa ba, don ba wanda ya tambaya.

Ranin nan ban zauna ba. Hanyar Nguru zuwa Gashua a lokacin ta lalace, mota na tafiya kamar jaki mai ciwon ƙafa, amma na bi ta ya fi a ƙirga. In je ofishin a ce ana dubawa. In wuce ƙauye, in kasa zama a can ma, in koma. Na roƙi Bulama a mayar da kututturan. Rabi sun riga sun shiga murhu. Muka samu biyu manya, aka sa shanu suka ja su zuwa ruwa. Sun bushe, suka ƙi nutsewa. Suka yi ta yawo a sama kamar kwale-kwalen da ba mai shi, har suka je suka maƙale a gaɓa. Aminina yana tsaye, hannu a baya. Ya ce, "Sarkin yawo, ka ga sun koyi halinka."

Wannan ce kaɗai maganar da ya taɓa yi mini a kan abin. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Wata rana ina ƙauyen aka ji ƙugi a kan babbar hanya. Muka fita. Injin ne a bayan wata doguwar mota, hannunsa a naɗe. Mutane suka jeru a bakin hanya, wasu har sun fara ɗaga hannu. Motar ta zo daidai mararrabar garin, ba ta rage gudu ba, ta wuce gabas.

Ba mu bari nan take ba. Rani biyu a jere aka yi gayya da lauje a bakin ƙoramar, maza cikin ruwa har ƙugu, matsattsaku na shan jininsu. Na shiga da kaina, da tsufana. In an yanke kacalla, kafin wata biyu ta dawo ta fi da. Kuma yanzu ta samu hanya. Duk inda muka buɗe wa rana, nan ta bi ta shiga, taku bayan taku, har tsakiyar kurmin da shekara da shekaru ta kasa kusanta. Tsuntsayen jan-baki suka samu wurin kwana a cikinta, suka sauka a kan sauran shinkafar. Itatuwan da suka rage, da ruwa ya daina kai musu, suka fara bushewa daga sama, masu gatari suka ƙarasa su.

Ba zan ce da injin ya zo da komai ya tsira ba. Na je na ga ƙoramar da aka buɗe a gabas, ta yi wasu shekaru tana gudu, daga baya ita ma ta fara shaƙewa. Ruwan kogin kansa ba ya zuwa yadda ya saba tun da aka tare shi can sama. Na faɗa wa kaina wannan sau da yawa a cikin mota, tsakanin Nguru da Gashua. Yana riƙe ni zuwa wani lokaci, sannan in tuna ƙananan abubuwan nan da ke zubowa daga jikin kututture suna neman ruwa, ni kuma ina tsaye ina cewa a ja.

Zuwana na ƙarshe kafin rasuwarsa, na sami aminina a gonar tattasai ta ɗansa, a cikin kwarin, yana gyara hanyar ruwa da fartanya. Goransa na rataye a rumfa, an mayar da shi mazubin iri. Ya kai ni inda gurbin yake. Kanyar tana nan rabi a binne, ta yi fari, awaki na hawa. Muka zauna a kanta. Na fara ba shi labarin wani tafki da na gani a Nijar, sai na ji ba na son ƙarasawa, na bar shi a nan. Shi ma bai ce in ci gaba ba.

Tun daga shekara ta huɗu bayan gayyar sharar nan ruwa bai sake bi ta bayan garin ba. Kurmin ya ƙare, kuma da aminina ya rasu ba a naɗa wani sarkin ruwa ba.